Yadda Muka Kai Wasan Daɓe Bikin Fringe na Edinbara

Tambayar da 'yan wasan daɓe suka fi yi mana tun dawowarmu daga Edinbara ita ce: wa ya gayyace ku, kuma nawa aka biya ku? Amsar ba ta yi wa kowa daɗi. Babu wanda ya gayyace mu, kuma mu ne muka biya. Haka bikin Fringe yake tun fil'azal. A 1947 aka buɗe babban bikin fasaha na ƙasa da ƙasa a birnin Edinbara na Sikotilan, sai wasu ƙungiyoyin wasa guda takwas da ba a kira ba suka zo suka baje kolinsu a gefe. Har gobe ƙungiyar Fringe Society, wadda ke riƙe da ragamar bikin tun 1958, ba ta tantance wasa, ba ta kuma hana kowa. Duk wanda ya samu ɗakin wasa ya biya kuɗin rajista, to ya shiga. Shi ya sa ake tara wasanni sama da 3,000 cikin mako uku na watan Agusta, kuma shi ya sa masu gwada sabon salo suke tururuwa can. Mun je na 2024, wanda aka yi daga 2 zuwa 26 ga Agusta. Mu biyar ne: 'yan wasa uku, mai fitilu da sauti ɗaya, sai ni mai takardu. Wasanmu na minti 55 ne, da Hausa, magana kaɗan, motsin jiki da kalangu da yawa.

Aikin farko neman ɗaki ne, kuma mun fara shi tun Nuwamban 2023. Wata biyu muka ɓata kafin nan muna rubuta wa Fringe Society wasiƙun neman gurbi, ashe ƙofar da muke bugawa ba ita ba ce. Su shawara kawai suke bayarwa da jerin sunayen masu ɗakuna. Masu ɗakunan kamfanoni ne masu zaman kansu da ke karɓar hayar azuzuwan jami'a, zaurukan coci, ɗakunan taron otal, har da ƙarƙashin gada, su zuba kujeru su rataya fitilu. Akwai manyan nan huɗu, Pleasance da Assembly da Underbelly da Gilded Balloon. Akwai irin su Summerhall da ZOO da suka yi suna wajen wasannin gwaji, akwai theSpaceUK da Greenside da ƙananan ƙungiyoyi suka fi samun shiga. Akwai kuma tsarin kyauta irin na PBH's Free Fringe, inda ba a biyan haya, ba a sayar da tikiti, sai dai a riƙe bokiti a bakin ƙofa bayan an tashi. Wannan na ƙarshe ya fi dacewa da mai barkwanci da makirufo ɗaya, domin galibi fitilu da wurin ajiyar kaya ba su taka kara sun karya ba. Kowane mai ɗaki da takardar nemansa, amma abin da suke tambaya kusan ɗaya ne: bayanin wasa, tsawonsa, yawan masu hawa dandamali, faɗin filin da ake buƙata, kayan da za a shigo da su, da bidiyo. Bidiyon nan shi ne ke magana a madadinku. A ɗauki wasan gaba ɗaya da kyamara ɗaya a kafe wuri guda, kada a yanyanka shi kamar tallar fim, domin abin da suke son gani shi ne ko zai shiga ɗakinsu.

Mun nemi wurare shida, uku suka amsa, biyu suka yi mana tayi a watan Janairu. A nan ne ya kamata mutum ya zauna da biro da takarda. Yarjejeniyar iri uku ce. Ko dai haya tsantsa, ka biya hayar, kuɗin tikiti duka naka. Ko raba kuɗin ƙofa, yawanci kashi 60 naka 40 nasu. Ko kuma wadda ta fi yawa, rabon tare da mafi ƙarancin abin da dole su samu. Ta ukun muka sa wa hannu: ɗaki mai kujeru 50, wasa 12, mafi ƙarancin nasu fam 1,500. Abin da bai faɗo mana a rai ba shi ne harajin VAT na kashi 20 da ake ɗorawa a kai, sai kuɗin suka koma fam 1,800, ban da ɗan abin da suke karɓa na sa mu cikin littafin tallarsu. Ga yadda lissafin yake: a ƙarshen biki za su duba kashi 40 na cinikin da aka yi, su duba fam 1,500 ɗin, wanda ya fi yawa shi za su ɗauka. Da tikitin fam 12, ko da kullum ɗakin ya cika maƙil, cinikin fam 7,200 ne, namu a ciki 4,320. Kuɗin kwanan mutum biyar na dare 16 kaɗai ya kai wajen fam 4,000. Duk wanda ya ce muku za a mayar da kuɗin tafiya daga tikiti, bai yi wannan lissafin ba.

Lokacin wasa ma abin ciniki ne. Tayin farko ƙarfe 1:15 na rana ne, wanda zai ci karo da sallar Juma'a har sau biyu, sai muka roƙi na 3:40 na yamma. Da yamma sosai masu barkwanci ne ke kwashe jama'a, don haka wasan da ke buƙatar natsuwa ya fi samun mutane tsakanin hantsi da la'asar. A tambayi kuma minti nawa ne tsakanin wasan da ke gabanku da naku, da faɗin wurin ajiyar kaya. Mu minti goma aka ba mu na shiga, biyar na fita, da wani lungu da bai fi akwati biyu ba.

Biyan kuɗin ya fi sa hannun wahala. A lokacin yawancin katunan naira ba sa aiki a shafukan ƙasashen waje, sai ta asusun dala ko na fam. Ga shi naira na ta zubewa, kafin mu gama biyan kashi na ƙarshe fam ɗaya ya doshi naira 2,000. Kasafin da muka rubuta da naira a watan Nuwamba ya zama tatsuniya kafin Maris. A rubuta kasafi da fam tun ranar farko, kuma duk kuɗin tallafin da ya shigo a canza shi nan take. Wurin kwana kuwa a kama shi a makon da aka sa hannu da mai ɗaki, kada a jira biza. A watan Agusta gado a Edinbara tsada yake kamar zinare. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun fi sauƙi, kuma Fringe Society na da jerin waɗanda ake keɓe wa 'yan wasa, ciki har da na Jami'ar Queen Margaret da ke Musselburgh, 'yan mintuna a jirgin ƙasa daga tsakiyar gari. A nemi mai kicin, kuma a karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan biza ta ƙi.

Sai da muka samu ɗaki sannan rajista ta yiwu, domin shafin rajistar sai an sa sunan ɗaki da lokaci da farashin tikiti. A 2024, wasan da za a yi sau shida ko fiye, kuɗinsa ya kusa fam 300 idan an biya kafin wa'adin farko a farkon Maris, ya kusa 400 idan an makara. Wa'adin shiga littafin bikin da ake bugawa yana cikin Afrilu, littafin kuma ya fito a Yuni. Wasu masu ɗakuna su ne ke yi wa ƙungiya rajistar, wasu kuma ku za ku yi, don haka a tambaya kada kowa ya zauna yana jiran ɗan'uwansa. Kalma 40 ake bayarwa a bayyana wasa a littafin, har da sunansa. Kwana uku muka yi muna gardama a kan waɗannan kalmomi. Rubutunmu na farko cike yake da maganar al'ada da tarihi da gadon kakanni, irin abin da kowace ƙungiya daga Afirka za ta iya rubutawa. Wanda muka aika ya faɗi abin da mutum zai gani da idonsa: mutum uku, ganga ɗaya, wata rijiya da ta ƙafe, da Hausa ake yi, da fassarar Turanci a bango. A faɗi harshen ƙarara. Ɗan kallon da ya shigo bai san da haka ba, shi ne mai tashi a tsakiyar wasa. Akwai kuma wajibin ba ofishin tikitin Fringe aƙalla kashi 25 na kujeru, kuma suna cire ladansu a kan abin da suka sayar.

Bayan rajista ne Fringe Society ta ba mu wasiƙar maraba, wadda ita ce ginshiƙin neman biza. Fringe na cikin jerin bukukuwan da gwamnatin Birtaniya ta yarda a yi wasa a cikinsu ba tare da takardar izinin aiki ba, don haka bizar ziyara ta wata shida ake nema, wadda a 2024 kuɗinta fam 115 ne kowane mutum. Ana ba da sunan kowa yadda yake a fasfo, harafi da harafi. A nan muka gano cewa makaɗinmu Muhammad ne a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Muhammed a tsohon fasfonsa. Gyaran ya ci mako biyar. Duk ƙungiyar da ke da niyyar tafiya ta tara fasfo da lambar NIN da takardun banki na kowa a tebur ɗaya tun watan Disamba, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ba a neman bizar sai ya rage wata uku a tafi. Mun cike a intanet a tsakiyar Mayu, kowa da tasa, muka je Abuja aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Abin da muka haɗa wa kowa: wasiƙar maraba, yarjejeniyar ɗaki, shaidar wurin kwana, kasafin tafiyar gaba ɗaya da bayanin wanda ke ɗaukar nauyi, takardar shige da ficen kuɗi ta banki ta wata shida, da shaidar abin da zai dawo da mutum gida, wato aiki ko karatu ko iyali ko shago. Jira ya kai kimanin mako uku, kuma a makonnin nan ko gwaji muka taru yi, rabin hankalin kowa na kan waya. Huɗu suka fito, ɗaya aka ƙi. Laifin kuma namu ne. Ganin asusun ɗaya daga cikin 'yan wasanmu babu nauyi, sai muka zuba masa kuɗi masu yawa mako biyu kafin a nema, wai don ya yi kyan gani. Takardar ƙin ta faɗi a fili cewa ba a ga inda kuɗin suka fito ba, kuma ba su yi daidai da abin da yake samu a wata ba. Bizar ziyara ba a ɗaukaka ƙara a kanta, sai dai a sake biya a sake nema. A karo na biyu muka bar asusunsa yadda Allah ya yi shi, muka rubuta cewa ƙungiya ce ke biyan jirgi da kwana da abinci, muka haɗa da takardun asusun ƙungiyar da wasiƙar waɗanda suka tallafa, muka kuma bayyana zancen kuɗin farko ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta fito saura kwana tara mu tashi. Da a ƙarshen Yuni muka fara nema, da babu lokacin zagaye na biyu.

Tikitin jirgi sai da biza huɗu suka fito muka saya, na biyar kuma muka saye shi da tsada daga baya. Ta Doha muka bi, ana kuma iya bi ta Istambul. Tikitin da ya ratsa ta Faransa ko Jamus ko Holan yakan yi araha a ido, amma mai fasfon Nijeriya na iya buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, don haka a bincika kafin a biya. Cikin watannin nan kuma akwai ƙananan takardu uku da ke da sauƙin mantawa. Inshorar da za ta biya idan ɗan kallo ya ji rauni ko an lalata wani abu, wadda mai ɗaki ba zai bari a hau dandamali ba sai ya gan ta. Takardar bayyana kiɗan da ke cikin wasa, ko da ku kuka ƙirƙire shi, saboda hukumar haƙƙin mallakar waƙoƙi. Sai ta haraji: dokar Birtaniya ta ce a cire kashi 20 daga abin da ɗan wasan ƙasar waje ya samu idan ya haura fam 12,570. Mu ko kusa ba mu kai ba, amma mai ɗakinmu ya nemi mu cike bayanan tun kafin biki don kada a riƙe mana kuɗi. Wanda ke sa ran ciniki mai yawa yana iya aika takardar FEU8 ya nuna abin da ya kashe, a rage masa.

Mun sauka ranar 30 ga Yuli, washegari aka ba mu awa biyu na gwajin fitilu da sauti, kuma su ke nan har a gama biki. Minti ashirin na farko jami'ar kula da lafiyar ɗakin ta cinye su. Ta durƙusa gaban tabarmin kabarmu guda huɗu, ta ciro laita daga aljihu, ta kunna a gefen ɗaya tana ƙirga daƙiƙu. Kaba kuwa ai ba ta gardama da wuta, nan take bakin tabarmar ya kama, ta murje shi da tafin safar hannunta, ta ɗago ta ce ba za su shiga ba sai an fesa musu maganin hana kama wuta. Muka sayi jarka ɗaya, muka shimfiɗa su a farfajiyar masauki muka fesa gaba da baya, sau biyu, muna addu'ar kada ruwa ya sauko kafin su bushe. Haka aka yi wa labule da duk wani ƙyalle da ba a jikin mutum yake ba. Aci-balbal ɗin da ake buɗe wasan da ita aka ce a'a, kaskon turaren wuta ma a'a, saboda na'urar gano hayaƙi na iya sa a fitar da mutanen ginin gaba ɗaya, har da masu kallon wasu wasannin. Fitila mai batir muka tura cikin kaskon. Wanda wasansa ke da shan taba ya sani cewa tun 2006 dokar Sikotilan ta hana shan ta a rufaffen wuri, kuma ba ta ware dandamali ba, ko da ta ganye ce ta wasa. Duk abin da ake jonawa a wuta, har cajar kwamfuta, sai an gwada shi an manna masa takarda. Sa'ar ɗaya, soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku.

Fitilun ɗakin na kowa ne, wasanni takwas ko tara ke amfani da su a yini, don haka ba a taɓa su. Ana ba ka hasken gaba ɗaya, mai ɗumi da mai sanyi, da fitila ɗaya ko biyu da za a saita maka kai kaɗai. Mun zo da sauyin haske 41, muka rage zuwa 16 a daren. Fassarar bango ita ma ta ba mu aiki. Majigin yana haska saman kan 'yan wasa, idan aka ƙara hasken dandamali sai rubutun ya dushe. Farin rubutu a kan baƙi, layi biyu kacal, shi ya yi. Kuma mai fitilu ba zai iya haɗa fitila da sauti da fassara ba, tilas ni na zauna kusa da shi ina danna layukan, domin sai mai jin Hausa ne zai san lokacin da ɗan wasa ya tsallake jimla. Kalangu kuma ya saki saboda danshin garin, sautinsa ya mutu, kuma babu rana ko garwashin da za a gasa shi. Na'urar busar gashi ta fam goma ce ta cece mu, minti biyar kafin a shiga. A gwada shiga da fita da agogo tun a gida, kowa ya san abin da zai ɗauka da hannun dama da na hagu, domin wasan da ya wuce lokacinsa tara ake cin sa, kuma masu jiran shiga suna tsaye a bayan ƙofa da nasu kayan.

Ranar farko mutum shida suka zo, biyu daga ciki 'yan wasan da ke bayanmu ne. Babu wanda zai kawo muku jama'a sai ku. Takardun talla 3,000 muka buga a can, domin ɗauko su daga gida asarar nauyin kaya ne. Kowa ya san titin Royal Mile, kuma dole a je a gani, amma a ganina an fi yi masa kirari fiye da amfaninsa: dubban mutane, ɗaruruwan masu miƙa takarda, yawancin masu wucewa 'yan yawon buɗe ido ne da ba su da niyyar shiga ko'ina. Abin da ya yi mana aiki shi ne tsayawa kusa da ɗakinmu awa ɗaya da rabi kafin wasa, da zuwa ƙofar wasannin da suka yi kama da namu lokacin da ake fitowa. Magana da mutum ɗaya ta minti biyu ta fi takarda hamsin. Litinin da Talatar farko, 5 da 6 ga wata, ranakun tikiti biyu a kuɗin ɗaya ne ga wanda ya zaɓi shiga tsarin tun wajen rajista, kuma a ranakun ne muka fara ganin mutum talatin. A ƙarshen makon farko akwai taron ganawa da 'yan jarida da Fringe Society ke shiryawa, inda ake bin layi a gaban tebur kowa ya yi bayanin wasansa cikin minti biyu ko uku. A je da wuri, a zaɓi layi uku, a bar sauran. Masu sharhi biyu suka zo mana, ɗaya ya ba mu tauraro huɗu cikin biyar, muka kwana muna manna 'yan takardun taurarin a kan tallarmu da sitefila, kamar yadda kowa ke yi. Wanda wasansa sabon rubutu ne ya duba sharuɗɗan kyautar Fringe First ta jaridar The Scotsman tun kafin ya taso.

Zaman garin bai yi wuya ba. Babban masallacin Edinbara na kan titin Potterrow, a tsakiyar inda ɗakunan wasa suka fi yawa, kuma unguwar cike take da wuraren cin abinci na halal. Magariba sai bayan tara na dare a farkon Agusta, asuba kuma da wuri ƙwarai, don haka barci ne ke ƙaranci. A riƙe rigar ruwa kullum. Mun zo da garin tuwo da kuka da yaji, muna girki sau ɗaya a yini, wannan ya rage kashe kuɗi sosai. Nama ko kilishi kuwa kada a ɗauko, ba a yarda a shiga da su ƙasar ba.

Abin da ya fi tikiti daraja shi ne ofishin da Fringe Society ta ware don masu shirya bukukuwa da masu gidajen wasa da ke zuwa farautar sabbin ayyuka daga ƙasashe da dama. Mun makara wajen gane haka. Sai a rana ta biyar muka je muka nemi a nuna mana waɗanda ke neman wasa irin namu, muka rubuta wa goma sha ɗaya, huɗu suka zo. Dukansu abu ɗaya suka tambaya bayan an tashi: takarda mai shafi ɗaya da ke nuna mutum nawa ke tafiya, nauyin kaya, faɗin dandamali, buƙatun haske, da kuɗin wasa ɗaya da na mako. Ba mu da ita, a daren muka rubuta. Wannan aikin watan Yuni ne, a tafi da ita a buge.

Mun gama ranar 14 ga Agusta, mutum 204 suka sayi tikiti a wasa 12, wato kimanin 17 a rana. Ba a ba da ko fam ɗaya a hannu. Ofishin tikitin Fringe ya tura wa mai ɗaki abin da ya sayar a ƙarshen Satumba, mai ɗakin ya haɗa da nasa, ya cire ladan tikiti da kuɗin hayar majigi da na mai taimakon fitilu na ranar gwaji, ya aiko mana da takardar lissafi. A bi ta layi-layi a gwada da rahoton cinikin kullum, wanda ya kamata a riƙa ajiyewa tun ranar farko. Mun ga an cire mana kuɗin majigi na kwana 13 maimakon 12, muka rubuta, suka gyara ba tare da musu ba. Abin da ya rage, fam 1,600 da 'yan kai, ya shigo asusun ƙungiya a mako na uku na Oktoba, wata tara bayan mun biya kashin farko na hayar ɗakin.